Ƙwayar bakin feshi daga garin ƙarfe: kundin aikin shagonmu a Birnin Kebbi

9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka tsayar da magana ni da Malam: za mu gwada ƙera ƙwayar bakin feshi da garin ƙarfe mara tsatsa. Malam yana koyar da ilimin ƙarafa a wata makaranta, kuma yana da damar amfani da ƙaramin tanderun lantarki na ɗakin gwajinsu. Ni kuma nawa shago ne, da hannu, da sanin abin da manoma ke kuka da shi.

Sana'ata gyaran famfon ban ruwa ce da injin feshi na goyo, mai lita 16 da mai lita 20. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa, injin feshi ya shiga gidaje daga Argungu har Suru da Bunza. Masu albasa na Aliero kuwa da ma sun daɗe da shi. Kukan da ake yawan kawo mini iri biyu ne: ko magani yana ƙarewa tun ba a kai ƙarshen fadama ba, ko an yi feshi bai ci ba. Sai a ce famfo ne, ko a ce maganin jabu ne. In na kwance, sau da yawa famfon lafiyarsa lau. Bakin ne ya cinye.

Bakin da ake feshin maganin ƙwari da na cutar ganye da shi abu biyu ne a cikinsa. Akwai faifai mai rami ɗaya a tsakiya, a bayansa kuma akwai ƙwaya mai 'yan hanyoyi a karkace. Ruwa yana bi ta hanyoyin nan ya juya, sannan ya fita ta ramin faifai ya tarwatse ƙanana ƙanana. Maganin gari irin mankozeb, wanda masu albasa ke yawan amfani da shi, ba ya narkewa a ruwa, yawo kawai yake a ciki, yana gogar tagulla da roba duk lokacin da ya wuce. Ga yashin ruwan gulbi. Ga allura ko ƙaya da ake zura wa ramin in ya toshe. In faɗin rami ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, filinsa ya ƙaru da kashi 21 ke nan, magani yana zuba fiye da ƙima, ɗigonsa kuma ya yi girma yana gangarewa daga ganye zuwa ƙasa. Kuɗin manomi ne ke bin ƙasa, kuma dafin yana komawa ruwan da muke kamun kifi a ciki. Abin nan yana damuna ƙwarai.

Faifan ba shi da wuyar yi. Ƙwayar ce matsala. Faɗinta milimita 9, hanyoyinta ba su kai milimita 1 ba, kuma a karkace suke. In ka ce da injin sassaƙar ƙarfe za ka yi, guda ɗaya sai ta ci maka wuni, ta biyu kuma ba za ta fito daidai da ta farko ba. Zubi irin na masu tukwanen alminiyon ma ba zai yi ba: alminiyon yana narkewa a digiri 660, ƙarfe mara tsatsa sai wajen 1,400, kuma yashi ba ya riƙe siffa mai ƙanƙanta haka.

Hanyar da za mu bi ita ce wadda masana'antu ke kira MIM a taƙaice. Ana kwaɓa garin ƙarfe mai laushi da kaki da roba, a dumama, a matsa shi cikin mol, wato ƙarfen da aka yanka wa gurbi mai siffar kayan, yadda ake buga kayan roba, a cire kakin, sannan a gasa har garin ya haɗe ya zama ƙarfe sosai ba tare da ya narke ba. Wani Ba'amurke, Raymond Wiech, shi ya ɓullo da ita a Kalifoniya cikin shekarun 1970.

30 ga Nuwamba, 2024

Garin ya iso, bayan doguwar jira. Nau'in 316L ne: kuromiyom kashi 16 zuwa 18, nikel 10 zuwa 14, molibdenom 2 zuwa 3, sauran ƙarfe. Yawancin ƙwayoyinsa ba su wuce maikuron 22 ba (maikuron 1,000 ne milimita 1), alhali kaurin gashin kai yana kai wa wajen 70. Mun zaɓi wanda aka tarwatsa da iskar gas lokacin yin sa, domin ƙwayoyinsa mulmulallu ne, suna gudu cikin mol ba gardama. Wanda aka tarwatsa da ruwa ya fi araha, amma ƙwayoyinsa ba su da siffa ɗaya, yana buƙatar kaki mai yawa.

Na hana kowa buɗe robar garin ba takunkumi. Akwai nikel a ciki, kuma gari mai laushi haka huhu yake zarcewa.

Lissafin kwaɓin Malam ya yi shi a gabana, na kuma sake yi da kaina don ya zauna mini. In da mudu za a auna, ƙarfe kashi 60 ne, abin ɗauri kashi 40. Amma da yake ƙarfen ya ninka kaki nauyi fiye da sau 8, a kan sikeli ƙarfe ya kusa kashi 93. Kilo 1 na gari yana cin giram 78 kacal na abin ɗauri: kakin kyandir giram 51, robar foliyetilin irin ta jarka giram 23, sai giram 4 na sitiyarik asid. Kowane da aikinsa. Kaki ke sa kwaɓin ya gudana. Roba ke riƙe siffa bayan kaki ya fita. Asid ɗin kuma shi ke lulluɓe kowace ƙwayar gari don kada ta dunƙule da 'yar uwarta. Robar sabuwa muka sayo daga Kano, ba narkakkiyar tsohuwa ba, don ba mu san abin da ke cikin tsohuwar ba.

Na haɗa tukunyar kwaɓi da kaina, da abin dumamawa na lantarki da fikafikai biyu masu juyawa. A digiri 150 muke kwaɓawa, ana barbaɗa garin kaɗan kaɗan. In ya huce sai a farfasa shi gutsi gutsi.

Malam ya ce a Malesiya masu bincike sun gwada daskararren kitsen manja a madadin kakin kyandir. Nan take tunanina ya tafi kan kakin zuma da man kaɗanya, tunda man kaɗanya cike yake da wannan asid ɗin da muke saye da tsada. Amma wannan sai gaba. A fara da abin da aka san halinsa.

21 ga Disamba, 2024

Makon nan duk a kan mol ya ƙare, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin take.

Abin da ka zuba ba shi za ka ɗauka ba. Kashi 40 na jikin ƙwayar kaki ne da roba, in sun fita sun bar gurbi, gashi kuma zai jawo garin ya cike gurbin. Saboda haka kayan zai tsuke ta kowace fuska, tsawo da faɗi da kauri. In muka ɗauka zai cika har kashi 97 cikin 100 na nauyin ƙarfe tsantsa, to kowane gefe zai ragu da kusan kashi 15. Dole ke nan a yanka mol ɗin ya fi girman da ake so, a ninka kowane awo da 1.174. Ƙwaya mai milimita 9 sai an yi mata gurbi mai 10.57. Hanya mai 0.8 sai an yi ta 0.94. Wannan lamba kuma ba ta kowa da kowa ba ce, ta kwaɓinmu ce kaɗai. Ranar da aka ƙara gari ko aka rage kaki, ta canza, mol ɗin da aka kashe wa kuɗi ya tashi a banza. Shi ya sa manyan masana'antu ba sa wasa da awon kwaɓi, kuma da haka suke iya riƙe girman kaya cikin kashi 0.3 zuwa 0.5 bisa 100, guda dubbai iri ɗaya.

Kawuna, wanda ya tashi a maƙera tun yana yaro yana jan zuga, ya zo shago ya zauna yana sauraron wannan bayani. Da na gama sai ya ce: "Ɗana, wanga ai ginin tukunya na, ba ƙira ba. Ku kwaɓa, ku gina, ku shanya, ku gasa. Kuma kowace mai ginin tukwane ta san abin da ta gina sai ya rage in ya sha wuta." Gaskiyarsa. Bambancin kawai, mu ragin namu sai mun san shi tun kafin a hura wutar, har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na milimita.

An yanka mana mol ɗin a Kano da injin da ke cin ƙarfe da tartsatsin lantarki, don babu wuƙar da za ta shiga lungunan nan. Gurbi biyu gare shi. Na roƙi mai yankan ya daidaita kaurin ƙwayar ko'ina, ya kuma kashe kaifin kusurwoyi, saboda inda kauri ya bambanta nan tsagewa ke farawa. Ƙofar da kwaɓi zai shiga mun sa ta a gefen da ya fi kauri.

11 ga Janairu, 2025

Mun fara bugawa. Injin ƙarami ne na hannu, mai sanda da ake dannawa, irin na gwajin kayan roba. Kwaɓi a digiri 165.

Na farkon duk guntaye suka fito, hanyoyin ba su cika ba. Dalili: kwaɓin da ke cike da ƙarfe yana sakin zafi da sauri fiye da roba zalla, ga sanyin hunturu da safe, mol ya yi ƙanƙara, kwaɓin yana daskarewa tun bai kai lungu ba. Muka dumama mol zuwa digiri 40, sai suka fara cika. Da yaron shagona ya ƙara ƙarfin danni don ya gama da wuri, wata matsala ta fito: baƙin zane kusa da ƙofa. Wannan alama ce kaki ya rabu da gari, ya yi gaba ya bar shi a baya, kuma wurin zai tsuke daban in an gasa. Danni a hankali, bai ɗaya, shi ya fi.

Ƙura ma ta ba mu aiki. Hazon bana ya yi kauri, kuma duk abin da ya sauka cikin kwaɓi ya zauna ke nan har cikin ƙarfen, ba wutar da za ta fitar da shi. Na keɓe ɗaki ɗaya, na toshe tagoginsa da leda, ana yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, ba a shiga da takalmi.

Ɗanyun ƙwayoyin ruwan toka ne, sumul, da farce ana iya karce su. Abin da na ji daɗinsa: ragowar da ke daskarewa a hanyar mol da waɗanda suka lalace duk ana farfasawa a mayar cikin inji. Gari mai tsada haka, ba a zubar da ko kaɗan.

25 ga Janairu, 2025

Wankin kaki. Ana jiƙa ɗanyun cikin heften a digiri 45 zuwa 50, ya narkar da kakin ya bar roba. Heften ɗan uwan fetur ne wajen kama wuta, don haka a waje muke yi, ƙarƙashin rumfa, cikin kwano mai murfi da aka ɗora a ruwan ɗumi, babu walda a shago ranar.

Da sikeli ake sanin an gama. Kaki da asid sun kai kashi 5 cikin 100 na nauyin ɗanyen kaya. Na aro ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya, muna auna su a tare kafin jiƙo da bayan sun bushe. In ragin ya haura kashi 4, ƙananan hanyoyi sun buɗe ke nan har tsakiya, hayaƙin roba zai sami mafita a tanderu. Waɗanda ruwansu ya yi zafi da yawa sun kumbura sun tsage. Manyan kamfanoni da yawa wata hanya suke bi, irin ta kwaɓin Catamold na kamfanin BASF, inda tururin asid ke cinye robar a wajen digiri 120. Ta fi sauri, amma ba ta shago irin nawa ba ce.

15 ga Fabrairu, 2025

Gashin farko bai yi ba. Ƙwayoyin sun fito baƙi-baƙi da ɗan kore, ba su tsuke yadda aka lissafa ba, kuma da filaya na murƙushe ɗaya.

Tanderun bututu ne na farin alumina, wani irin tangaran mai jure wuta, ana jera kaya a kan faranti a tura tsakiya, a toshe bakunan biyu, gas yana shiga ta nan yana fita ta can. Ana hawa da digiri 1 a minti har 450, a tsaya, a ci gaba har 600, a sake tsayawa, don robar ta fita a hankali. In aka yi gaggawa a nan, hayaƙin zai kumbura kayan daga ciki. Daga nan sai digiri 5 a minti har 1,350, a riƙe awa 2, a sauko a hankali. Duka kusan awa 20.

Mun bi wannan tsari daidai. Ba a nan gizo ke saƙar ba, gas ne. Agon na masu walda muka sa, wanda ke da sauƙin samu. Malam ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafin hannu ya ce, "Injiniya, kuromiyom ɗinka ya sha iska." Abin da ke hana ƙarfen nan tsatsa shi ne kuromiyom yana saurin kama iskar oksijin ya yi wa ƙarfen siririyar fata. A kan cokali wannan alheri ne. A kan gari kuwa, kowace ƙwayar garin ta sami tata fatar, kuma fata da fata ba sa haɗuwa. Ɗan raɓa kaɗan a cikin gas, ko 'yar kafa a marfin bututu, ya isa. Shi ya sa masana'antu ke gasa irin wannan ƙarfe cikin haidurojin busasshe ƙwarai, wanda ke ƙwace oksijin ɗin, ko cikin tanderun da aka zuƙe wa iska. Naitirojin yana da araha, amma shi ma yana haɗuwa da kuromiyom ya rage masa ƙarfin hana tsatsa.

Akwai kuma kabon. Harafin L da ke cikin sunan 316L yana nufin kabon bai wuce kashi 0.03 ba. Roba kuwa kusan duk kabon ce. In ba ta fita tas ba, abin da ya rage zai kama kuromiyom a kan iyakokin ƙwayoyin ƙarfen, sai ka ga ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa yana tsatsa.

Na daɗe ina tunanin wannan a daren jiya. Duk wanda ya ji labarin aikin nan, injin bugawa yake tambaya, nawa ne, a ina ake samu. Injin shi ne mafi sauƙi a ciki. Wanda ya iya buga murfin kwalba zai iya buga wannan. Wuta da iskar da ke cikinta su ne sana'ar.

Haidurojin zalla ba za mu kai shi ɗakin da ɗalibai ke shiga ba. Mun yi odar gaurayen agon mai haidurojin kashi 5 daga Legas, za mu canza robobin marfi, mu kuma sa 'yan gutsattsarin titaniyom a gaban kayan su fara shanye oksijin kafin ya iso.

8 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, aiki kuma ya tsaya. Gas ya iso, mun ɗora gashi, wuta ta ɗauke ana sama da digiri 1,200, janareta bai tashi da wuri ba. Bututun alumina ba ya jure saukar zafi farat ɗaya. Ya tsage. Sai an kawo wani. Daga yanzu da janareta za mu fara mu gama, ko da wuta ko babu, kuma sai an tanadi man awa 24 kafin a kunna.

Zaman jiran ya ba ni damar sauraron masu zuwa. Labari ya bazu cewa ana yin ƙarfe da gari a shagona. Wani tela ya kawo haƙoran keken ɗinki, waɗanda ke jan yadi a ƙarƙashin allura, ya ce ko za a iya. Za a iya, kuma kayan keken ɗinki na daga cikin abin da ake yi ta wannan hanya a ƙasashen waje. Haka 'yan ƙarafan da likitan haƙori ke mannawa don daidaita haƙora, da bakin almakashi da hantsakin tiyata, da gidan agogo, da maƙallan wayoyin da ake naɗewa, da ƙananan kayan cikin kwaɗo, da wasu sassan injin mota. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan aiki a duniya, Indo-MIM, a Bangalor ta Indiya yake, ba a Turai ba. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Abin da ya haɗa kayan nan duka: ƙanana ne, galibi ƙasa da giram 100, da yawansu ma ba su kai 20 ba, siffarsu tana da wuya, kuma ana buƙatarsu dubbai. Wani ya kawo fankar famfon ruwa mai nauyin fiye da kilo, na ce masa wannan ta masu zubi ce. Kaki ba zai fita daga tsakiyar abu mai kauri haka ba, kuma kuɗin garin kaɗai ya fi kuɗin sabon famfo. Telan ma na faɗa masa gaskiya: don guda goma ba a yanka mol.

Akwai wanda ya zo da magana a kaikaice kan ƙananan kayan bindiga. Gaskiya ne a waje ana yin su ta wannan hanya. Na ce masa ba a shagon nan ba, yau ko gobe. Mun ga abin da makami ya yi wa ƙauyukanmu.

12 ga Afrilu, 2025

Alhamdu lillahi. Sabon bututu, sabon gas, kuma ƙwayoyin sun fito fari-fari da ɗan ƙyalli. Na jefa ɗaya a kan siminti ta yi ƙara irin ta ƙarfe. Filaya ba ta yi mata komai ba. Maganaɗisu da ƙyar yake jan ta, wanda haka ake so ga 316L.

Faɗinsu ya tsaya wajen milimita 9.06, ba 9 cif ba. Malam ya auna nauyinsu a iska da kuma cikin ruwa, ya sami kusan giram 7.55 a kowane santimita kubik, wato wajen kashi 95 na ƙarfe tsantsa, ba 97 da muka yi lissafi da shi ba. Lambobin biyu sun gaskata juna: bai cika sosai ba, shi ya sa bai tsuke sosai ba. A bayanin Malam, in ƙananan ramukan ciki suka rufe da agon a cikinsu, agon ba ya ratsa ƙarfe ya fita, sai ya tokare. Haidurojin zalla da ya fita. Ga bakin feshi wannan bai hana komai ba, ƙwayar tana zama daram a gidanta. Da kayan tiyata ne da ba a karɓa ba.

Waɗanda ke bakin faranti sun fi na tsakiya girma kaɗan, don zafin can bai kai ba. Za mu rage tsawon jeri.

Zafin garin nan kuma ya shigo cikin aikin. Ƙarƙashin kwanon shago da rana, ɗanyun da muka ajiye sun fara gumin kaki, wasu sun ɗan lanƙwashe. Yanzu bugawa sai bayan sallar asuba, ajiya kuma cikin kular sanyi.

3 ga Mayu, 2025

Gwaji. Na kafa famfo da agogon matsi a kan teburi, matsi a kan 3 a awon da ake kira bar, ana tarar ruwa a kofin awo minti ɗaya. Abin da muke nema lita 0.8 a minti, daidai da bakin da ake yi wa alamar ruwan ɗorawa a tsarin launuka na duniya. Namu suna ba da kusa da haka, kuma abin da ya fi faranta mini rai, kusan duk abu ɗaya suke bayarwa. Na fesa ruwa mai shuni a kan farar takarda, zoben ya fito zagayayye, ba gefe mai kauri. 'Yan kaɗan sun karkata, da na duba da gilashin ƙara girma sai na ga ɗan tsiron ƙarfe a bakin hanya, daga inda mol ke haɗuwa. Wannan tun suna ɗanye ya kamata a share shi, lokacin da reza ke iya ɗauke shi.

Waɗanda na jiƙa a ruwan gishiri tun tsakiyar Afrilu ba su nuna ja ba, in ban da ɗigo a kan guda biyu daga bakin faranti.

Gwajin cinyewa yana tafiya. Durom ne da ruwa da farar ƙasa mai laushi, famfo yana zagaya shi ta bakuna uku a jere: na tagulla, na roba, da namu. Ƙa'idar da aka sani ita ce in ruwan da baki ke fitarwa ya ƙaru da kashi 10 a kan na sabonsa, a canza shi. Na tagulla ya riga ya haura. Namu bai motsa sosai ba tukuna. Da sauran rina a kaba, don farar ƙasa a durom daban, hannun manomi da allurarsa daban.

14 ga Yuni, 2025

Bayan Babbar Sallah muka zauna lissafin kuɗi ni da Malam. Ƙwaya ɗaya ba ta kai giram 2 ba, kilo ɗaya na gari yana ba da ɗaruruwa, don haka gari ba shi ne nauyin ba duk da tsadarsa. Mol an biya sau ɗaya, yawan bugu ke narkar da kuɗinsa. Abin da ke karya mu tanderu ne. Bututun ba ya ɗaukar fiye da ɗari da 'yan kai, amma sai ya sha man janareta na kusan kwana guda da gas ɗin da aka ɗauko daga Legas. A haka, ƙwayarmu ta fi ta roba da ke kasuwa tsada nesa ba kusa ba, kuma manomin da ke lissafin kuɗin taki ba zai saya don an ce za ta daɗe ba, sai ya gani a gonarsa.

Ra'ayina, shago ɗaya ba zai riƙe tanderun da ya dace ba. Amma tanderu ɗaya mai zuƙe iska, da wutar da ba ta yankewa, zai iya gasa wa shaguna da yawa: ni da bakin feshi, wani da kayan keken ɗinki, wani da kayan kwaɗo. Bugawa da wankin kaki kowa ya yi a wurinsa. Malam ya fara rubuta takardar neman tallafi a kan haka, ni kuma zan tattaro sunayen kayan da masu gyara a Birnin Kebbi da Jega da Argungu suka fi nema ba sa samu.

Kafin nan akwai abu biyu a gabanmu. Na ɗaya, 316L yana jure magani amma ba shi da tauri sosai. Za mu gwada wani nau'in ƙarfe mara tsatsa, 17-4PH, mai jan ƙarfe kashi 3 zuwa 5 a cikinsa, wanda ke ƙara tauri in an riƙe shi awa 1 a wajen digiri 480 bayan gashi. In garinsa ya karɓi awon kwaɓi iri ɗaya, mol ɗinmu zai yi masa. Na biyu, damina ta sauka. Na raba ƙwayoyin da suka ci gwaji ga wasu manoman shinkafa a fadamar Argungu da wani Alhaji mai gona a Aliero, kowace da lamba a jikin gidanta da awon ruwanta a littafina. Na haɗa wa kowa da tsohon buroshin haƙori, na roƙe su in ta toshe su wanke da shi, kada allura ta shiga. Alhaji ya ce, "To Injiniya, in yara sunka ji." Za su dawo mini da su bayan girbi in sake aunawa. Garin 17-4PH kuma an ce yana hanya, sai ƙarshen wata in Allah ya yarda.